Sauya Wa Tsohon Jarumi Fata, Ko Haifar Sabo?

A shekarar 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro wani soja mai suna Nick Fury a cikin littattafan zane na kamfanin Marvel. Bature ne, sajan a yaƙin duniya na biyu, taba ba ta barin bakinsa. Haka aka yi ta zana shi kusan shekara arba'in, har a 1998 aka yi wani fim na talabijin inda David Hasselhoff ya fito a matsayinsa. Amma yau in ka tambayi matashin da ke bin finafinan Marvel wane ne Nick Fury, zai siffanta maka baƙin mutum mai aski ƙwal, ido ɗaya a rufe, da doguwar baƙar riga ta fata. Samuel L. Jackson ke nan. A 2002 ne Mark Millar da Bryan Hitch suka zana Fury da fuskar Jackson a jerin The Ultimates, sannan a 2008 shi Jackson ɗin ya leƙo a ƙarshen fim ɗin Iron Man. Tun daga nan wancan Baturen ya kusa shafewa daga zukatan masu kallo.

Kamfanin nan dai, a 2011, ya bi wata hanyar dabam. A ɗaya daga cikin jerin labaransa Peter Parker, Spider-Man na asali, ya mutu, sai wani yaro ɗan shekara 13 daga unguwar Brooklyn ya ɗauki sunan Spider-Man. Sunansa Miles Morales, mahaifinsa baƙar fatar Amurka, mahaifiyarsa 'yar asalin Puerto Rico. Brian Michael Bendis ne ya rubuta shi, Sara Pichelli ta zana. Ba a taɓa fatar Peter ba. Wani mutum aka kawo, da iyayensa da unguwarsu da damuwarsa.

Hanyoyi biyun ke nan da masana'antar finafinan Amurka ke bi in tana son a ga fuskokin da ba na Turawa ba a cikin jarumanta: ko a ɗauki tsohon jarumi a sauya masa launi da asali, ko a haifi sabo, ya gaji tsohon suna ko ya zo da nasa. Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya in gardama ta tashi, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ni ina ganin ta farkon halal ce, wani lokacin ma dole ce, amma ta biyun ta fi ta nesa ba kusa ba.

Kafin a yi hukunci sai a san yadda aka zo nan. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Captain America a 1941. Waɗanda suka ƙirƙiro da yawansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani ne, irin su Jerry Siegel da Joe Shuster da Jack Kirby, suna rubutu a ƙasar da a kudancinta doka ta raba baƙi da fari a makaranta da mota da wurin cin abinci. Baƙin mutum in ya fito a shafukan wancan zamanin, sai dai a matsayin abin dariya, da leɓe ƙato da idanu warwaje, kamar Ebony White na jerin The Spirit. A 1956 kamfanin EC ya so sake buga wani gajeren labari mai suna Judgment Day, inda wani ɗan sama jannati ke cire hular kwanonsa a zanen ƙarshe sai a ga ashe baƙi ne. Hukumar tace littattafan zane ta nemi a mai da shi fari. Mawallafin ya ƙi, aka buga shi yadda yake. Sai a 1966 aka sami Black Panther, Falcon ya biyo baya a 1969, Luke Cage a 1972, Storm a 1975. Kafin a buɗe wa baƙi ƙofa, manyan kujeru duk an riga an zauna a kansu. Saboda haka farin da yawa daga cikin tsofaffin jaruman nan ba zaɓi ba ne da marubuci ya zauna ya yi don labarinsa. Abin da kasuwa da dokar zamanin suka yarda a zana ke nan.

A nan hujjar masu sauya launi take da ƙarfi. Suna jari ne. Kamfanin da zai zuba dala miliyan 200 a fim guda ba ya son caca da jarumin da ba wanda ya sani. Yana komawa ga sunayen da iyaye da kakanni suka tashi da su. In aka ce kowane ɗan wasa sai ya dace da zanen 1940 ko 1962, to an rufe wa baƙaƙen 'yan wasa da 'yan Asiya da Latinawa kusan duk manyan rawar da ake biyan kuɗi mai tsoka a kansu, kuma an rufe ne da hukuncin mutanen da suka mutu tuntuni. Ba baƙaƙe rawar Turawa ma ba sabon abu ba ne. Eartha Kitt ta fito a matsayin Catwoman a talabijin tun 1967. Billy Dee Williams ya yi Harvey Dent a fim ɗin Batman na 1989. Michael Clarke Duncan ya yi Kingpin a 2003, kuma dalili a bayyane yake: ana neman ƙaton mutum mai kwarjini wanda ya iya wasa, shi kuwa ya cika duka. Jeffrey Wright ya yi ɗan sanda James Gordon a 2022, ban ga abin da labarin ya rasa ba. Gordon mutum ne mai gaskiya a cikin rundunar da cin hanci ya yi wa katutu. Wannan halin ba shi da launi.

Wani lokacin sauyin har riba yake kawowa. Aquaman na littafi Bature ne mai farin gashi, an daɗe ana yi masa ba'a a matsayin jarumin da ke hira da kifi. Da aka ba Jason Momoa, wanda mahaifinsa ɗan asalin Hawaii ne, sai aka ɗaura jarumin da al'ummomin tsibiran tekun Pasifik, mutanen da rayuwarsu da tarihinsu duk a kan ruwa suke. Fim ɗin 2018 ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Haka Namor a Wakanda Forever na 2022: aka bar tatsuniyar Atlantis, aka ba shi asali daga al'ummar Maya, aka sa ƙiyayyarsa ga mutanen tudu ta samo tushe daga mamayar Sifaniyawa. Ƙiyayyar ta zama mai dalili.

Su kuwa masu adawa kashi biyu ne, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Akwai waɗanda ƙin baƙar fata ne kawai ke cin su. Lokacin da aka ba Idris Elba rawar Heimdall, mai gadin gadar Asgard a fim ɗin Thor na 2011, wata ƙungiyar masu fifita farar fata a Amurka ta yi kiran a ƙaurace wa fim ɗin. Mutanen nan sun yarda da guduma mai tashi sama da gadar bakan gizo, baƙin mai gadi ne kaɗai ya fi ƙarfin hankalinsu. Waɗannan ba a ɓata lokaci a kansu. Amma akwai mai karatu na gaskiya da ya shekara talatin yana sayen littafin jarumi ɗaya, ya san fuskarsa kamar ta ɗan'uwansa, yana so ya ga wannan fuskar a majigi. Wannan ba mugu ba ne. Tambayar da yakan yi ita ce: in an yarda a mai da fari baƙi, za a yarda a ba Bature rawar Black Panther?

Ba za a yarda ba, kuma ba son kai ba ne. T'Challa, wato Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ne da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba. In ka cire wannan, babu sauran labari. Luke Cage baƙi ne da aka ɗaure bisa ƙarya, aka yi gwaji a jikinsa a kurkuku, ya dawo Harlem. Akwai kuma fararen da su ma asalinsu ne ƙashin bayan labarinsu. Magneto Bayahude ne da ya tsira daga sansanin Auschwitz, duk tsoronsa da zafinsa daga can suka fito. Steve Rogers, wato Captain America, soja ne da gwamnatin Amurka ta mayar fuskar farfagandarta a yaƙin duniya na biyu, a lokacin da rundunar ƙasar ke ware baƙaƙen sojoji a bataliyoyinsu dabam, abin da ba a ba da umarnin sokewa ba sai 1948. Gwamnatin wancan lokacin ba za ta liƙa hoton baƙi a bango ta ce ga Amurka ba. Ma'aunin ke nan, kuma ɗaya ne ga kowa: shin asalin mutumin nan yana ɗauke da labarin, ko kuwa fenti ne kawai?

Abin da masu wannan tambayar kan manta shi ne, mai da wanda ba fari ba ya zama fari an daɗe ana yi, ba a kuma ji ihunsu ba. Ra's al Ghul, mai sunan Larabci, Liam Neeson ya yi shi a 2005. Bane, wanda aka haifa a kurkukun wani tsibiri na yankin Karibiyan, Tom Hardy ya yi shi a 2012. Mafi shahara shi ne Ancient One, tsohon malamin Doctor Strange, wanda a littafi dattijo ne daga tsaunukan Tibet. A fim ɗin 2016 aka ba Baturiya Tilda Swinton. Masu fim ɗin suka ce gudun maimaita tsohon hoton nan na tsohon boka ɗan Asiya suke yi. Ɗaya daga cikin marubutan, C. Robert Cargill, ya faɗi wani dalilin: ambaton Tibet na iya ɓata wa Sin rai, kasuwar Sin kuwa ba a wasa da ita. A 2021 shugaban sashen finafinan Marvel, Kevin Feige, ya amsa cewa ba su kyauta ba. Maganin mummunan hoto shi ne a rubuta kyakkyawa, kamar yadda suka yi daga baya a Shang-Chi, inda suka watsar da Fu Manchu, uban jarumin a tsofaffin littattafai, suka rubuta wa Tony Leung uba mai zuciya da baƙin ciki irin na ɗan Adam. Cire mutum ɗaya daga mutanen da kujerunsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ba daidai yake da cire ɗaya daga masu ɗaruruwa ba.

To ina raunin sauya launi yake? Labarin baƙin ɗan wasa Michael B. Jordan ya ishe mu. An ba shi Johnny Storm a fim ɗin Fantastic Four na 2015. Kafin fim ya fito ya sha zagi a intanet har sai da ya rubuta martani a mujallar Entertainment Weekly. Fim ya fito, me aka yi da wannan sauyin da ya jawo masa duk wannan? Kusan babu. 'Yar'uwarsa Sue ta ci gaba da zama Baturiya, aka toshe ramin da cewa riƙonta aka yi. Daga baya daraktan, Josh Trank, ya ce shi baƙar Sue ya so, kamfani ya hana. Fim ɗin ya faɗi warwas saboda matsalolinsa na labari da shiri, waɗanda ba ruwansu da fatar kowa, amma wanda aka tura gaba ya sha jifa shi ne ɗan wasan. Shekara uku bayan haka, shi dai wannan Jordan ya fito a Black Panther a matsayin Killmonger, yaron da aka kashe ubansa a Oakland aka bar shi maraya, ya girma da tambayar me ya sa 'yan'uwansa masu arziki da makamai suka zuba ido ana bautar da baƙaƙe. Ɗan wasa ɗaya, baiwa ɗaya. A na farko an ba shi rigar wani ya sa. A na biyu an rubuta rawar tun daga tushe don mutum irinsa, har masu kallo da yawa suka fita silima suna cewa mugun yana da gaskiya.

Ko Nick Fury, wanda kowa ya yarda sauyinsa ya yi kyau, kwarjinin Jackson ne ya riƙe shi, ba rubutu ba. Wuri ɗaya da ya tsaya mini a rai shi ne a The Winter Soldier na 2014, inda yake cikin lif da Steve Rogers yana ba shi labarin kakansa da ya shekara arba'in yana aikin tuƙa lif, yana komawa gida da 'yan kuɗin da aka ba shi kyauta a jakar abincinsa, da bindiga a ciki saboda unguwa ta lalace. Minti ɗaya ne ko biyu. A nan ka ji mutumin yana da kaka, yana da inda ya fito.

Abin da aka ba Fury a minti biyu, Miles Morales an ba shi fim sukutum. Dubi farkon Into the Spider-Verse na 2018. Yaro yana haɗa jaka zai koma makarantar kwana ta masu hazaƙa wadda ba ya so, uwarsa ma'aikaciyar jinya tana yi masa magana da Sifaniyanci, yana bi ta tsohuwar unguwarsu yana gaisawa da kowa. Ubansa ɗan sanda ya ɗauke shi a motar aiki, ya sauke shi a ƙofar makaranta, sannan ya kunna lasifikar motar a gaban ɗalibai ya ce ba zai tafi ba sai ɗan ya furta cewa yana ƙaunarsa. Da dare yaron ya sulale wajen baffansa Aaron, wanda uban ba ya shiri da shi, su shiga ramin jirgin ƙasa suna fenti a bango. Tsakanin uba mai doka da baffa mai sakin fuska amma hannunsa da datti, nan labarin yake. Ba za a iya ba da shi da Peter Parker ba. Kuma Peter yana nan cikin fim ɗin, ya manyanta, yana koya wa yaron aiki. Ba a ƙwace wa tsohon mai karatu komai ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2019.

Mu da muka san sarauta ba za mu ga baƙon abu a nan ba. Madaki ya rasu a naɗa wani Madakin. Rawani da kujera da aiki duk ɗaya, amma ba wanda ke cewa sabon shi ne tsohon, kuma kowanne da tarihin da za a ba da nasa.

Kamala Khan ma haka take. A 2014 G. Willow Wilson da edita Sana Amanat, dukansu Musulmi, da mai zane Adrian Alphona suka fara jerin yarinya 'yar asalin Pakistan a Jersey City wadda ta gaji sunan Ms. Marvel daga Baturiya Carol Danvers. Tana zuwa masallaci, tana gardama da iyayenta kan fita da dare, yayanta ustazu ne. Musulmi mai karatu zai iya samun abin da bai gamsu da shi ba a yadda aka nuna addini a ciki, amma aƙalla akwai abin da za a tattauna. Da Carol aka shafa wa launin ƙasa aka bar ta yadda take, da babu masallacin, babu iyayen. Littafin farko ya ci kyautar Hugo a 2015. Shi kuwa Sam Wilson, wato Falcon, da garkuwar Captain America ta zo hannunsa, sai da ya yi jinkirin ɗauka a shirin talabijin na 2021, inda ya haɗu da Isaiah Bradley, tsohon baƙin sojan da gwamnati ta yi gwajin irin maganin da ya ba Steve Rogers ƙarfi a jikinsa sannan ta ɗaure shi ta ɓoye labarinsa. An ɗauko Bradley ne daga littafin Truth na 2003, wanda shi kuma ya jingina da gwajin Tuskegee na gaske, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen maza da ciwon tunjere ba magani don ta ga yadda cutar ke cin jiki. Baƙin Steve Rogers ba zai iya tambayar ko ƙasar nan ta cancanci ya ɗauki tutarta ba. Sam Wilson ya tambaya.

Wannan hanyar ma tana da nata cikas. Magaji yakan daɗe a inuwar wanda ya gada, ana ce masa baƙin Spider-Man maimakon a kira sunansa. Kamfani kuma kan ba da suna yau ya karɓe gobe in ciniki ya ja baya. A littafi an ba Sam garkuwar a 2014, bayan 'yan shekaru ta koma hannun Steve. Sabon jarumi mai sabon suna kuwa wahalarsa ta fi. A 1993 Dwayne McDuffie da Denys Cowan da abokansu suka kafa Milestone don su ƙirƙiri jarumai baƙaƙe da hannun baƙaƙe, a 1997 suka daina buga littattafai, duk da cewa Static ɗinsu ya rayu a katun daga 2000. Amma haƙuri na biya. Katun ɗin Justice League na 2001 ya zaɓi baƙin jarumi John Stewart, wanda aka ƙirƙira tun 1971, a matsayin Green Lantern. Yaran da suka tashi da shi, da aka fito da Ryan Reynolds a fim ɗin 2011, da yawansu sun ɗauka an mai da jaruminsu Bature ne. Shekara goma ta isa sabo ya zama na asali.

Daga ƙarshe abin ya koma kan wanda ke riƙe da alƙalami. Black Panther Turawa biyu ne suka ƙirƙiro shi, amma dakarun mata na Dora Milaje daga jerin Christopher Priest na 1998 suka fito, Shuri daga na Reginald Hudlin, sannan Ryan Coogler ya haɗa su a fim ɗin da ya tara sama da dala biliyan 1.3. Duk da haka, da fim ɗin ya leƙo ƙasarmu, dajin Sambisa ya nuna: ayarin motoci, 'yan bindiga, matan da aka sace, jarumi ya diro daga sama ya cece su cikin 'yan mintoci ya wuce. Baƙaƙen Amurka ne suka yi fim ɗin, da kyakkyawar niyya, amma mu a ciki wurin da ake ratsawa ne. Launin fata ɗaya bai sa sun san mu ba.

Aro ba laifi ba ne, mu ma mun yi. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya zuba a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, amma ya sauya musu gari da sarki da kasuwa da irin maganar da ke fita daga bakin mutane, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Mun kuma ga finafinan Hausa da suka kwafo na Indiya fage bayan fage, fuska kawai aka canja, kowa ya gane da kallo ɗaya. Bambancin Miles Morales da Johnny Storm na 2015 ke nan.

Saboda haka in aka ba baƙi ko Balarabe ko ɗan Asiya rawar tsohon jarumin da asalinsa ba ya ɗauke da labarinsa, ba ni da ja, ina ma maraba. Amma ba na ƙirga shi a matsayin babbar nasara, domin kamfani na iya yin sa ba tare da ya ɗauki marubuci ko ɗaya daga cikin mutanen ba. Roye Okupe, ɗan Legas, ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau, kuma Iyanu ɗinsa ya zama katun a 2025. Matasanmu masu zane a Kano da Zariya da Damagaram, Amina da Bayajidda da Gizo da Ƙoƙi suna hannunku, ga kuma yaran unguwanninku da ba wanda ya taɓa zanawa. Ku zana su, ku kuma riƙe haƙƙin mallakarsu a hannunku.